Sunan Da Bai Fito Cikin Girgijen Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, sha biyu ga watan Safar, anka zo mani da labarin mashin ya kayar da kai tsakanin Kebbe da Tambuwal, kana hanyar makarantar da kake koyarwa. Kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinshi.

Ni Atu, uwarka, ban yi boko ba. Ɗiyarka Zulaihat ce ke rubutawa, ni ko ina faɗi. Na ce ta sa sunan ubanta da hannunta, ta sa: Malam Nuraddeen Almu. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunan ba. Haka munka taras, haka munka yi. "Wancan" nike ce maka tun kana goye.

Ban taɓa roƙonka magani ba, sai in gan shi bisa gado. Bara da rufin ɗakina ya yi yoyo, kai da kanka ka hau, da rigar aiki.

Duk Juma'a kakan aje waya gabana ka ce in yi ta zuba: irin geron da munka noma a Fakku, waƙoƙin daka, yadda ake gyaran rumbu. Ka bi tsofaffin Jabo ma ka ɗauko nasu. Ka maida su rubutu, ka sa a shafin intanet. Sannan ka rubuta ma kwamfuta umarni, ita ke ƙirga kalmomin, ta tara su wuri guda awa hadari. Wadda anka faɗa da yawa ta yi ƙatuwa, wadda ba a cika faɗi ba ta yi mitsitsi. In an taɓa guda, labaranta su buɗe. Girgijen kalmomi kac ce sunanshi.

Ranar da ka nuna mani nawa, ka karanta mani: Allah, gero, ruwa. Sai wata ƙatuwa a tsakiya, ta fi gero.

Ka ce, "Inna, kin san wagga? Wancan ce. Jakin baba ma ya fito da sunanshi, ni ko ƙanƙane babu. Faɗi sau guda, na'ura ta ƙirga."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar kunya."

Ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ka ce kana nan kana jira.

Da anka ɗauki makararka za a fita, na kira sunan. Kukan mata ya rufe, ba wanda ya ji, ba wayar da ta ɗauka.

Shafin na nan, amma ya tsaya inda ka bar shi. Wani abokin aikinka ya zo daga Tambuwal, ya wuni kan kwamfutarka, ya ce umarnin a kulle yake, bai san mabuɗin ba. Zulaihat kan buɗe mani a waya. Ban iya karatu ba, amma na gane ƙatuwar ta tsakiya. In sa yatsa bisanta in zauna.

Ina yi ma matarka Hamdiya ta'aziyya, da Zulaihat da ƙannenta, da ɗalibanka, da tsofaffin da ka zauna ka saurara. Allah shi ba mu haƙuri, shi raya abin da ka bari. Allah shi haskaka kabarinka, shi yafe maka kurakuranka, shi sa Aljanna ce makoma.

Ya Allah, ka jiƙan wancan. Kai ka san wa nike nufi.