Allura Ba Ta Karya Azumi

Lokacin ina jan tifa. Farar hula sun dawo mulki, ko'ina a Abuja gini ake, yashi ba ya kwantai. Muna zaune a Dutse Alhaji. Matata na da ciwon suga, ita ke yi wa kanta allura safe da yamma. Sai ciwon ciki ya sa ta gaba. Likita ya ce za a zura mata na'ura ta baki a ga abin da ke ciki.

Nas ɗin da ta sa mana rana ba Bahausa ba ce. Ta ce, "Oga, madam zai yi azumi kafin ya zo."

Azumi mun san shi. Da asuba ta yi sahur da ɗumamen tuwo. Da muka je asibitin suka ce cikin a cike yake, mu koma. Nas ta ce, "Wannan azumi ba sahur. Tun dare, ba komai."

A hanya matata ta ce, "Ba sahur, ba lada. Wannan azumin wane addini ne?" Muka yi dariya.

Da ranar ta zagayo ba ta ci komai ba. Da safe ta ɗauko allurar, ta tsaya.

"Malam, in yi?"

Na faɗi abin da kowa ya sani, allura ba ta karya azumi. Ta yi yadda ta saba.

Layi ya yi tsawo. Da hantsi gumi ya karyo mata. Ta ce tana ganin duhu. Na ciro dabino daga aljihu, ta ture hannuna, wai kada a sake maido mu. Sai ta sulale daga benci.

Suka ɗaura mata ruwa, ta farfaɗo. Likita ya yi ta faɗa. Ya ce mai suga ba ya irin wannan azumin sai likita ya tsara masa yadda zai yi da allura, a sa shi farkon layi, a riƙa auna jininsa. Babu wanda ya tambaye mu. Mu ma ba mu tambaya ba.

Suka sake sa mana rana. Ta ce ita da wurin har abada. Na lallaba, na yi faɗa, na kira yayanta daga gida. Ta ƙi. Ta koma jiƙo da kanwa, tana ta ramewa.

Da damina ta rasu. Har yau ban san abin da ke cikin nan nata ba.