Garayar da Baba Jatau Ya Ƙi Gamawa

Damina huɗu ke nan da muka kai Baba Jatau makwancinsa a bayan Sheme. Ni ba ɗansa ba ne, ba mu haɗa jini ba. Garaya na je ya sassaƙa mini, kuma ranar da na fara ganinsa na baro gidansa ina rantsuwa ba zan sake takawa ba. Na sake takawa sau tara kafin aikin ya ƙare, daga nan kuma na daina ƙirga.

Garayar ba tawa ba ce, ni ko ganga ban iya bugawa ba. Ta mahaifina ce, Malam Audu, wanda ya shekara arba'in yana yi wa manoma kiɗan gayya a ƙauyukan gefen 'Yargoje. Shekarar da zaman ƙauye ya gagare mu, muka kwaso abin da hannu zai ɗauka muka dawo Ƙanƙara, inda nake koyarwa a firamare. Tsohuwar garayarsa ta ƙone tare da ɗakinsa. Tun daga nan ya ɗauke wuta. Mutumin da ake roƙo ya yi shiru a bar wasu su ce wani abu, sai ga shi yana yini fuskarsa na kallon bango. A kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture. Asibiti suka ce jininsa ya ɗan hau, ban da shi ba su ga komai ba. Ni kuwa ina gani: mahaifina na tafiya a gabana da ransa, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Sai dabara ta zo mini, irin ta 'yan boko. Zan sa a yi masa sabuwar garaya a ɓoye, in shigo da ita in ajiye a gabansa. Na ari tef ɗin tela na auna hannun rigarsa, na rubuta a takarda, na hau mota zuwa Sheme, inda aka ce akwai wani tsohon masassaƙi da ba a yi kamarsa ba.

Na same shi ƙarƙashin rumfar kara, gizago a hannu, ɓawon itace har gwiwa. Gidansu irin gidajen nan ne da za ka tarar wani na alwala, ɗan'uwansa na shirin zuwa coci, kuma a akushi ɗaya ake cin tuwo. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi abin da ya sami tsohuwar garayar, ya tambayi yadda mai ita yake ci da barci. Sannan ya karɓi takardata ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Malamin makaranta, wanga ai awon riga ne. Kai wa tela. Ni ba ni sassaƙa ma wanda ban ga hannunai ba. Ka tahi ka ce mashi, in da gaske makaɗi ne ya zo in gani. Da yawa ana ce masu makaɗa, roƙo kawai suka iya."

Raina ya ɓaci. Na koma gida ina huci, kuma don haushi na zazzage wa mahaifina komai, har da maganar roƙon. Ya juyo daga bango a hankali. "Wa ya hwaɗi haka?" Rabon da in ji ya yi tambaya an fi wata biyar. Ranar kasuwar Sheme mai zuwa, kafin in gama karin kumallo ya sa hula.

Na zaci da Baba Jatau ya ga hannun shi ke nan. Ashe yanzu aka fara. Zuwan farko, Baba Jatau ya jera gumagumai uku na alilliba ya ce mai garaya ne zai zaɓa, ya ƙwanƙwasa kowanne ya ji wanda ya amsa masa. Zuwa na biyu ya ce ba zai ci gaba da rarake cikin ba sai mai ita ya kara kunne ya ce zurfin ya isa. Na uku, fatar akuya ce aka jiƙa, kuma wai dole mai ita ya riƙe gefe ɗaya a ja tare. Ana tsakiyar damina, hanyar Faskari kuwa a lokacin ba a binta sai da addu'a. Kowane mako ina biye da tsofaffi biyu ina cika ina batsewa. Na taɓa ce masa, Baba, aikin nan ba zai ɗan yi sauri ba? Bai ko ɗago kai ba ya ce sauri ya haifi nawa.

Haushi ya rufe mini ido, ban lura da abin da ke faruwa a gabana ba. Mahaifina ya fara musu. Ya ce wuyan ya yi kauri, Baba Jatau ya ce yatsunsa ne suka yi lalaci. Suka shafe yini guda suna gardama kan jaki, ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa a kansa, wannan ya matsar gaba wancan ya dawo da shi baya. A tsakiyar gardamar aka kawo gasasshiyar masara, na ga mahaifina ya cinye biyu ya miƙa hannu ga ta uku.

Ranar da aka ɗaura tsirkiya gero ya riga ya fitar da kai. Mahaifina ya rungume garayar ya daɗe bai taɓa tsirkiyar ba. Da ya fara, muryarsa ta fito a dishe, ta karye, ya sake ɗauka. Kirarin manoman ƙauyenmu ya yi, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka watsu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mata suka leƙo ta kan danga. Ni na zagaya bayan rumfa na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bayan shekara biyu Baba Jatau ya kwanta ciwo na kwana kaɗan ya cika. Sai bara, ina zaune da ɗansa Sale, wanda ya bar gyaran babura a Sabuwa ya dawo ya gaji rumfar, na ce masa ina mamakin yadda yake karɓar aiki ta waya, alhali tsoho ba ya sassaƙa wa wanda bai gani ba. Sale ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce garayu nawa tsoho ya aika Kano da Zariya bai taɓa ganin masu su ba? Kwana goma yake gama ɗaya. "Ranar da ka fara zuwa, kana hita ya ce mani, wanga ba garaya ya zo nema ba, ubanai ya zo nema. In na ba shi ita cikin kwana goma, jingine ta za a yi ga bango."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tsirkiyar Sale ta igiyar roba ce irin ta masunta, na san wannan sai ya yi tsaki. Samari na ɗaukar kiɗan a waya suna tura wa 'yan'uwa da ke birni, wannan ina jin zai yi gunaguni a baki ya ji daɗi a ciki. Ba zan ce komai ya daidaita ba, har yanzu akwai gonakin da ba a zuwa. Amma bana an yi gayya a ƙauyenmu, karo na farko tun barinmu, kuma mahaifina ne a bakin kunya da garayarsa yana zuga masu fartanya. Kwanan baya ma wani mutum daga Damari ya zo wa Sale da aikin garayar wansa, wanda ya daina fita tun rasuwar matarsa. Sale ya yi masa tambayoyi biyu uku, ya ce a kawo mai ita ya ga hannunsa.

Gizagon yana nan, ƙotarsa ma an sake. Garayar fatarta ta yi baƙi inda hannu ke gogawa, wata rana za ta tsage a sa wata. Abin da nake ganin ya rage na Baba Jatau shi ne wannan tambayar da yake yi kafin ya taɓa itace: mai ita yana ci, yana barci? An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa da takardata da tef ɗina na hau rimin ban ga komai ba.

Na daɗe ina ɓoye wa mahaifina abin da Sale ya gaya mini, ina tsoron ya ji an yi masa wayo. Makon jiya, da muke shirin zuwa yi wa marigayin addu'a, na daure na faɗa masa. Yana ɗaure garayar a cikin zanenta, bai ko tsaya ba.

"Ai na sani tun zuwa na biyu," ya ce. "Wane makaɗi ne bai san kwanakin garaya ba? Kai ɗai ne ba ka gane ba. Ɗauko mani takalmina, kar mota ta tahi ta bar mu."

Allah ya jiƙan Baba Jatau, ya sa ya huta.