Goron Direban Jirgi

Shekara ashirin da biyu Malam Issoufou ya yi yana tuƙa tasi a Washington, kuma ban taɓa ganinsa a mota wani na tuƙa shi ba. Mutumin Maraɗi ne, dogo, furfurarsa a gemu kaɗai ta tsaya. A unguwar Takoma Park muka yi maƙwabtaka. Kowace safiya nakan ji ya rufe ƙofar mota, a yi shiru yana addu'ar hanya, sannan injin ya tashi.

A shekarar 2013 idonsa ya fara hazo. Likita ya ce ya ajiye tuƙi, ya ƙi. Matarsa Hajiya Rakia ta yi lallashi har ta gaji. In ya fita sai ta wuni tana leƙen taga. 'Yarsu Salamatou, ma'aikaciyar jinya, ba ta yi gardama da shi ba. Sai ta shirya wa iyayen hutun kwana bakwai a jirgin ruwa, daga Florida zuwa kewayen Jamaika, ko zai ɗanɗana zama.

"Wa zai tuƙa?" ya tambaye ta.

"Baba, suna da kyaftin."

"Kin san shi? Ɗan wane ne?"

A tashar Maraɗi, inda ya koyi sana'a, fasinja mai hankali ba ya shiga mota sai ya gaida direba, ya dubi ƙwayar idonsa, ya miƙa masa goro don kada gyangyaɗi ya sace shi. Saboda haka ya ƙunshe goro a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya sa a aljihu.

Kwana biyu a teku bai ci abin kirki ba. Hajiya na zaune tana kallon ruwa, shuɗi kamar sabon rini, shi kuwa yana hawa bene yana sauka, neman gidan gaba yake. Duk ƙofar da ya taɓa sai a mayar da shi.

"Malam, zauna mana," in ji Hajiya. "Ko kana so su ba ka sitiyari ne?"

"Ke dai ci kifinki. Mutum dubu uku a hannun wanda ba wanda ya dubi idonsa!"

Rana ta uku, Constance, 'yar Jamaika mai kawo musu abinci, ta ga ya ɓare goro. Ta dafe ƙirji, ta ce kakarta takan kankare irinsa ta dafa musu in ciki ya ɓaci. Malam ya yi mamakin goro ya riga shi zuwa nan. Ya faɗa mata damuwarsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe da la'asar kyaftin zai sauko gaida fasinjoji, ita za ta kai shi gaba.

Haka aka yi. Kyaftin ya karɓi goron, ya gutsura, ɗacin ya yamutsa masa fuska, jama'a suka kwashe da dariya. Malam ya riƙe hannunsa, ya matso, ya ƙura masa ido. Farar hula ya gani, da inuwar fuska. Ya ƙara matsowa. Ƙwayar idon dai bai same ta ba.

"Na je duba idon mutum," ya faɗa mini daga baya, "ashe ni ya kamata fasinja su duba."

Ranar ya kwanta a doguwar kujera, tsaunukan Jamaika na wucewa kore shar, ya yi barci har rana ta kusa faɗuwa. Hajiya ta hana kowa tashinsa.

Da suka dawo daga Florida suka sauka a filin jirgin saman Washington, Salamatou ta zo ɗaukarsu a motarta. Ya buɗe ƙofar baya da kansa ya shiga. Ya miƙa mata makullin tasinsa, tare da ɓarin goro.

"Direba, juyo in ga idonki."

Sun koma Maraɗi shekara uku bayan haka. Har yanzu nakan farka a daidai lokacin da yake rufe ƙofar mota, in kasa kunne.