Hancin Masarar Ketare

Na gwada abubuwa da yawa a ɗakin bincike, amma har gobe ban manta da masarar da wan mahaifina ya aiko mini daga garin Ketare ba. Lokacin ina karatun digiri na biyu. Yaran gidansa ne ke yawan ciwon ciki, shi kuma yana zargin masarar rumbu, don ruwa ya taɓa ta kafin a zuba.

Na'urar da muke aiki da ita tana bin fuskar abu ɗigo-ɗigo da siririn haske, ta auna nauyin ɓurɓushin da ya tashi, sannan ta zana hoton inda kowane sinadari yake kwance. Sai dai ba ta shiri da tudu da kwari. In wuri bai daidaita ba, hoton sai ya fito da giɓi. Ni kuwa a lokacin ga gaggawa, ga son a ce hotona ya fi na kowa. Na sa reza na datse hancin kowace ƙwaya, wurin da ya lotsa, na bar shafaffen gefen. Hoto ya fito tas, babu dafin funfuna ko ɗigo.

Nan take na kira shi. "Baba, masararku lafiya lau, ku ci abinku."

"Alhamdu lillahi. Yau ma za a kai niƙa, jibi sunan jikata."

Da rana malamar da ke duba aikina ta zo, ta dubi hoton, ta dubi ƙwayoyin. "Ina hancinsu?" Na nuna mata takardar da na tara su a kai. Ko faɗa ba ta yi ba. Ta sa muka ɗauko wasu ƙwayoyin da ban datse ba, muka fara auna tsawo da zurfin kowane wuri, don hasken ya riƙa bin lotsawar. Sai bayan la'asar hoton ya fito. Dafin na nan danƙare a daidai irin ramin da na datse da safe.

Wallahi na ji kunya, amma tsoro ya fi yawa. Na sake kira.

"Ɗiyata, da safe kin ce a ci, yanzu kin ce kar a ci. Wanne zan ɗauka?"

"Na yanzu, Baba. Na safe ni na yi kuskure, ba na'ura ba."

Sai na ji ya ɗaga murya: "Kai, ku sauke buhun nan daga kan mashin!"

Da tuwon dawa aka yi suna. Tun ranar ban ƙara datse abu don aiki ya zo mini da sauƙi ba, kuma ba na ce wa kowa ya ci sai na duba wurin da ya fi wuyar dubawa.