Tambayar Ardo Jaɓɓi

Ku da kuka fara aiki jiya-jiya, bari in ba ku labarin ranar da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da wani makiyayi ya sa na hau suri ina neman sabis.

A lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wani ƙaramin asibiti a Bukkuyum. Aikina ɗiban jini da duba shi, ba allura ba. Amma bayan girbi ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan wajen Nasarawa Burkullu, ma'aikata suka yi kaɗan, aka haɗa ni da Malama Saratu, wadda ta girme ni a shekaru da muƙami, aka tura mu rugar Ardo Jaɓɓi. Sau biyu ana zuwa yana mayar da masu allurar rigakafi. Ga wanda bai sani ba, maganin rigakafi a akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, idan ƙanƙarar ta narke ya lalace. Ke nan ba mu da lokacin dogon zance.

Mun tarar da shi a ƙarƙashin tsamiya, dattijo siriri mai yawan murmushi. Bayan gaisuwa Malama Saratu ta ce in yi bayani, tunda ni ne mai sabon karatu. Ni kuwa na gyara murya. Na ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, daga ta fata har ta hanta. Na ce a cikin rubutun nan akwai yadda ake ƙera makaman da ke kama cuta, kuma wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke ƙera su.

Ardo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Dakata, ɗana. Ka ce rubutun ɗaya na ga kowace ƙwaya?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To, mi ya hana ta fata ta ƙera makamin? Ita ma tana da rubutun. In abin ga da kac ce gaskiya na, jiki duka sai shi yi aikin. Ko dai ba ka gama karatun ba?"

Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Wallahi na san an koya mana wannan, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma a ranar ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba. Na fara kame-kame. Malama Saratu ta buɗe akwati ta leƙa ƙanƙara, ta rufe, ta ce a hankali, "Kada ka ƙirƙiro masa. Zai gane."

Sai na ce, "Baba, na manta. Amma ina da malami a Gummi, ka ba ni izini in tambayo shi."

Sabis bai kai rugar ba, sai da aka nuna mini wani dogon suri a bayan garke. Na hau da takalmin ofis, waya a sama, shanu suna kallona. Malam Haruna, wanda ya koyar da mu a makarantar kiwon lafiya, ya ɗauka. Da ya ji tambayar sai da ya yi dariya, ya ce wannan makiyayin ya fi ajinmu duka iya tambaya. Sannan ya tuna mini: samun rubutu daban, karanta shi daban. Akwai wasu sinadarai, furotin ake ce musu, da ke zuwa su zauna a kan rubutun, kusa da sashen da ake so, sai sun zauna ne ake iya karanta wurin. Kowace irin ƙwaya da nata rukunin waɗannan furotin. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira B su ne ke da cikakken rukunin da ke buɗe sashen makamai. Ta fata ba ta da shi, don haka wurin a rufe yake a cikinta har ta mutu.

Na sauko na maimaita wa Ardo da irin Hausar da na iya. Ya ja gemu, ya ce, "Awa saniya ke nan. Ƙahonta da hantsarta duk ita ce, jini ɗaya, amma nono ga hantsa kaɗai shika hita."

Na ce, "Baba, shi ke nan, kamar saniyar ne. Abin da ke buɗe sashen nono a hantsa yake aiki, ba a ƙaho ba."

"To allurar taku mi taka yi?"

Wannan kam na sani. Na ce tana nuna wa waɗancan ƙwayoyin kamannin ƙyanda ne tun ba ta zo ba, su shirya, su riƙe ta a ka.

Ya juya ya yi magana da Fulatanci. Kafin mu gama shimfiɗa kaya, mata sun fito da 'ya'yansu sun yi layi. Malama Saratu tana allura, ni ina cike katuna, muka gama da sauran ƙanƙara a akwati. A wannan shekarar ba a kawo mana mai ƙyanda daga rugar ba.

Da za mu tafi na tambaye shi abin da ya sa ya mayar da na farko. Ya ce su ma ya yi musu tambaya, suka ce masa umarni ne daga sama. "Kai ko ka ce ka manta, kat tahi kat tambayo. Wanda ka iya faɗin hakanan, in ya ce ya sani, sai in yarda."

Shi ya sa nake gaya muku, idan kun je ƙauye aka tare ku da tambaya, kada ku ɗauka taurin kai ne. Sau da yawa mutumin auna ku yake yi, don 'ya'yansa zai miƙa muku, kuma yana da haƙƙin ya san hannun wa zai sa su.