Hannun Daman Baba

Da azumin da ya wuce mahaifinmu, Alhaji Bukar mai yadi na Fagge, ya cika shekara goma sha shida da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Duk shekara abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in raba wa maƙwabta a nan Rijiyar Lemo, mu yi masa addu'a ba. Bana kuwa wani abu ya faru a layinmu da ya dawo min da shi sosai, har na ga ya kamata in rubuta, ko wani gidan zai amfana.

Kakanninmu daga Barno suka zo, amma a Fagge aka haifi Baba, a nan ya tashi cikin harkar yadi. Duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san shi da ɗabi'a guda: ba ya sayar da yadi a naɗe. Ko sauri kake yi, sai ya warware shaddar, ya fito da ita bakin shago, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce ka duba da idonka. In akwai wurin da zare ya tsallake ko saƙa ta yi sako-sako, haske zai nuna, shi kuma zai ɗora yatsa a wurin tun kafin ka gani. Ko atamfar sallarmu ya kawo gida, sai ya ɗaga ta a tsakar gida, Inna tana cewa, "Alhaji, mu ma ciniki za ka yi da mu?"

Ciwon ya same shi ne a shekarun farko na komawar mulki hannun farar hula, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun 'yan kasuwa. Da hantsi ne, yana yanka yadi, almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tafi gaba ɗaya. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa, suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ɓarin dama. Suka yi iya ƙoƙarinsu, jinin ya sauka, aka sallamo shi. A hankali bakin ya fara saki, magana ta dawo da nauyi-nauyi, ƙafar ma ta soma ɗaukarsa in ya dafa bango. Hannun dama ne ya ƙi motsi.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce ai da sauran hannu guda. Amma Baba mutum ne da tun muna yara in ka miƙo masa abu da hagu ba zai karɓa ba, zai dai zuba maka ido har ka gane ka sauya. Da dama yake ci, da dama yake bayarwa, da dama yake musabaha. Sai ya ɗaure wa kansa cewa zai jira hannun ya dawo. Ba zai ci da hagu ba, kuma yana jin nauyin a riƙa ba shi a baki kamar jariri. Kullum da safe nakan zo daga gidana in dama masa kunun gyaɗa, ya kurɓi kaɗan, ya kau da kai. Masallaci ya daina zuwa ko da an ce za a riƙe shi, domin a bakin masallaci kowa hannu zai miƙo masa. Kasuwa kuwa ko zancenta ba ya so. Muna kallo rigunansa suka fara yi masa yawa.

Mu kuma abin da muka iya shi ne abin da aka koya mana a gaban mara lafiya. "Da sauƙi, Baba." "Ai hannun ya fi jiya." "Kwana kaɗan ne zai dawo." 'Yan dubiya ma haka suke faɗa, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya. An yi tofi, an sha rubutu, wanzami ya zo ya yi ƙaho, Inna tana shafa masa man zafi safe da yamma. Duk lokacin da muka ce zai dawo, sai Baba ya ƙara samun dalilin jira.

Wanda ya karya wannan jiran shi ne amininsa, Alhaji Lamidi, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, mai sayar da zare da maɓallai da sauran kayan ɗinki. Tun suna samari suke tare, kuma ban taɓa ganin sun haɗu ba su tsokani juna ba. Ran nan ya shigo, ya tarar da kwanon tuwo a rufe kamar yadda na ajiye shi.

"Babarbare, azumin nafila kake yi ba ka gaya min ba?"

Baba ya ce, a hankali saboda nauyin baki, "Ina jiran hannuna."

"Ya ce maka yaushe zai dawo? Ko Maiduguri ya tafi ganin dangi?"

Baba ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi. Sai Alhaji Lamidi ya gyara zama, ya bar wasa. Ya ce an kawo wata na'ura babban asibiti da ke ɗaukar hoton cikin kai, har a ga inda ciwon ya taɓa. "Kai da ba ka yarda a sayi yadi a naɗe, shi ne za ka zauna kana cinikin kanka a naɗe? Tashi mu je a ɗaga ka a rana."

Inna ba ta so ba. Ta ji an ce ana tura mutum cikin rami kamar gawa, kuma tana tsoron abin da za a gano. Baba ne da kansa ya ce a kai shi.

Ni da yayanmu Mustafa da Alhaji Lamidi muka raka shi. Ba rami ba ne, wani ƙaton zobe ne, gado yana shiga da kan mutum cikinsa a hankali. Daga nan aka kai shi wani ɗakin, aka shafa masa wani abu mai sanyi a wuya, aka riƙa goga wata 'yar na'ura, muna jin sautin jini yana wucewa, fuu, fuu, kamar ana fifita wuta. Ban taɓa sanin jinin mutum yana da murya ba sai ranar. Na yi tasbihi a zuciyata.

Da sakamako ya fito, likitan ya yi abin da ya san al'adarmu ke so: ya yafito Yaya Mustafa gefe, zai gaya masa a asirce. Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Likita, kan nawa ne. Nuna min."

Likitan ya dubi Yaya, sannan ya zaro hoton, baƙi mai kauri kamar leda. An ɗauke wuta a lokacin, allon fitilar da suke maƙala shi bai kama ba, sai ya nufi taga ya ɗaga shi saitin rana. Na ga Baba ya miƙe zaune sosai, karo na farko tun da ya kwanta. Alhaji Lamidi ya taɓo ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin gani? Likitan ma ɗan kasuwar yadi ne."

Likitan ya nuna wani tabo mai duhu a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ya ce wannan ɓarin shi ke juya ɓarin dama na jiki. Ya ce jijiya ba ta fashe ba, toshewa ta yi, kuma sanin hakan yana da muhimmanci, domin maganin da ake ba mai toshewa yana iya cutar da wanda jijiyarsa ta fashe. Wurin da ke kula da ƙafa bai taɓu sosai ba, saboda haka da gashi da motsa jiki tafiya za ta ƙara kyau, magana ma haka. Wurin hannun ne jini ya yanke masa har ya lalace. Ya ce, "Alhaji, waraka ta Allah ce. Amma abin da nake gani a nan, da wuya yatsun nan su sake riƙe almakashi." Ya ƙara da cewa jijiyar wuyansa ta hagu ta ƙuntata, kuma in ya riƙe magani ya kula da jininsa, ana fatan ciwon ba zai sake dawowa ba.

Ni hawaye ne ya zubo min. Baba kuwa ya sa aka matso da hoton, ya ɗaga hannun hagu, ya ɗora yatsa a kan tabon, kamar yadda yake yi wa shadda. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Nan ne kawai?" Likita ya ce nan ne kawai. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Sauran yadin lafiya lau."

Da muka iso gida ya aika a kira limamin unguwa, suka keɓe a zaure. Liman ya tabbatar masa da abin da ina jin ya riga ya sani, cewa Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, kuma mai larura ba shi da laifi in ya ci da hagu. Da la'asar ya ce in kawo tuwo. Ya yi bisimilla, ya sa hannun hagu, lomar farko ta warwatse a kan tabarma. Inna ta juya fuska bango. Shi kuwa ya ce, "Sabon yaron shago ne, zai koya." Ya cinye rabin kwanon.

Musabaha ce bai yarda ya bar wa hagu ba. Sai ya samo dabara: ya tallabo tsintsiyar hannun damansa da hannun hagu, ya miƙa su tare. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka tsabar girmamawa ce, dattijo yana gaishe ka da hannu biyu. Da wannan gaisuwar ya koma masallaci, da ita ya koma shago. Yaya Mustafa ke yanka, Baba na zaune a bakin ƙofa, yana sa a warware yadi a ɗaga. Ya rayu shekaru masu albarka bayan haka, ya aurar da ƙannenmu, yana shan maganinsa kamar yadda yake kiyaye salla. Da ajali ya zo, wani ciwon ne daban ya ɗauke shi.

Abin da ya faru a layinmu bana shi ne, maƙwabciyata Hajiya Falmata tana tankaɗe bakinta ya karkace. 'Ya'yanta ba su tsaya shafa mai ba, suka sa ta a adaidaita sahu sai asibiti. A ranar aka yi mata hoton kai, aka kuma yi wani wanda ake zuba ruwan magani a jijiya, hanyoyin jini su fito fili kamar rassan bishiya. 'Yarta ta nuna min a waya. Likitoci sun gaya musu irin ciwon, da abin da ake sa ran zai dawo, suka ce zuwa da wuri ya taimaka ƙwarai. Yanzu tana fitowa da kanta ta zauna a ƙofar gida. Nakan tambayi kaina, da Baba ya samu irin wannan a ranar da almakashi ya faɗi, da hannun ya tsira? Ban sani ba, kuma ba na barin tambayar ta daɗe a raina. Kowa da zamanin da Allah ya rubuta masa.

Da Baba zai leƙo Fagge a yau, na san abin da zai ba shi haushi: yadda ake sayen shadda ta hoton waya, ba a taɓa ba, ba a ɗaga ba. Zai ce wannan ba ciniki ba ne. Amma hoton jijiyoyin Hajiya Falmata zai sa a ƙara masa girmansa, ya bi kowane reshe da yatsa. Ina jin kuma zai ce mana mu ci gaba da cewa "da sauƙi", domin kalma ce mai kyau kuma addu'a ce, amma in mara lafiya ya nemi ya ga abin da ke jikinsa, kada a naɗe masa.

Alhaji Lamidi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya haɗa su a Aljanna. Hoton kan Baba yana wurina, cikin ƙyallen shadda a ƙasan akwati, ya fara dushewa. Shagon yana hannun Yaya, har yanzu ana warware yadi a bakin ƙofa. Babban ɗana kuwa, wanda ya koyi gaisuwa a gaban kakansa, yanzu magidanci ne da iyalinsa, kuma har gobe in zai yi musabaha sai ya tallabo hannun damansa da na hagu. Mutane suna yaba min tarbiyyarsa. Kwanan baya na gaya masa asalin abin, ya riƙa kallon hannayensa. Da ya tashi tafiya ya haɗu da mahaifinsa a zaure, na leƙa ta labule, na ga ya miƙa su duka biyun kamar kullum.