Gurbin Ƙabila a Rajistar Malama Barira

Shekara ashirin da uku Malama Barira ta yi tana riƙe da rajistar wata makarantar firamare a Karmo, cikin Abuja. Mace ce gajera, mai tafiyar natsuwa, wadda ba ta rabuwa da rula da jan biro. Kowace shekara, idan damina ta ja baya, ofishin ilimi kan aiko da fom na ƙidayar ɗalibai: maza nawa, mata nawa, kowane yaro wace ƙabila ce tasa, wace jiha ce kuma asalinsa. Sauran malamai kan dubi suna kawai su yanke hukunci, Amir Bahaushe ne, Precious 'yar Ibo ce, su gama kafin a fita tara. Ita kuwa sai ta kira yaro gabanta ta tambaye shi.

A nan ne aikin kan yi mata tsawo. Idan yaro ya ce shi Tibi ne, sai ta ajiye biro, ta hango kogin Binuwai, wanda ba ta taɓa gani ba, da kwalekwale yana ratsa hazon safiya. Idan wata ta ce Katsina, sai ta ga tsohuwar mota ɗauke da buhunan gero da tabarmi, ta nufo kudu a hankali. Har a kaɗa ƙararrawa ba ta dawo daga tafiyar ba.

A bana aka kawo wata yarinya aji shida, Nabilah, da takarda daga tsohuwar makarantarta: Hausa, Kano. Malama Barira ta tambaye ta kamar kowa.

"Hajiyar da nake wurinta ta ce in riƙa cewa Kano," in ji yarinyar. "Amma Malama, idan na rufe ido ina ganin wata mata da ƙwarya a kafaɗa, ba a ka ba. Tana yi mini waƙa da yaren da ban sani ba."

Malama Barira ta san matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa: matan Gbagyi ne, masu ƙasar nan tun kafin a shata titi ko ɗaya. Ta kuma san abin da aka rubuta wa 'yar aji shida shi zai bi ta sakandare, ya bi ta har girmanta. Ta bar gurbin babu komai.

Hedimasta, Oga Dominic, ya leƙo. "Madam Barira, wannan yarinya sunansa Nabilah, ai Hausa ne. Rubuta Kano mu submit! Ko sai kin je kin gaida Kano ɗin tukuna?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a."

Washegari da la'asar ta hau Keke Napep zuwa kasuwar kifi ta Kado, inda Hajiya Batulu, mariƙiyar yarinyar, ke da rumfa. Ta same ta tana kankare ɓawon karfasa. Da Hajiya ta ji abin da ke tafe da baƙuwar, sai wuƙar ta tsaya.

"Lydia sunan uwarta," ta ce. "Doya take sayarwa nan gefena. Ƙauyensu yana inda gidajen Gwarinpa suka hau yanzu, dangin duk sun watse. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ni ta miƙa wa yarinyar, tana 'yar shekara biyu. Ni na goya ta, ni na sa mata sunan nan. Yanzu Malama, da ɗan biron naki za ki raba ni da 'yata?"

"Hajiya, biro bai taɓa goyon kowa ba. Amma yarinyar tana ganin uwarta idan ta rufe ido, ba ta san ko wace ce ba."

Hajiya Batulu ta jefa kifin cikin baho. Ƙudaje na shawagi, ana ta ciniki a rumfar gaba.

"Ashe tana tuna waƙar," ta ce a hankali. "Ni ma ina tuna ta, sai dai ban iya bakin ba. To, rubuta mata nata. Ni zan gaya mata yau, kada ta fara ji a bakin takarda."

Ranar Juma'a da hantsi Malama Barira ta buɗe fom ɗin. Jinsi: mace. Ƙabila: Gbagyi. Asali: Abuja. Sai ta iso layi na ƙarshe, inda aka buga "Uwa ko mariƙiya". Ta ɗora rula, ta ja jan layi a kan "mariƙiya", sannan ta rubuta Batulu da kyakkyawan rubutunta.